Dillalin da ke Ɓoye a Cikin Manhajar Makaranta

Duk uban da ke da ɗa ko ɗiya a lakwal ya san takardar nan ta farkon shekarar karatu. Kafin a shiga aji a watan Oktoba, makaranta takan ba da jerin kayan da yaro zai buƙata: kaye kaza, bik ja da shuɗi, allo da alli ga ƙanana, kayan awo na lissafi ga manya. Uba ya duba aljihunsa, ya shiga kasuwa, ya sayi abin da ya sawwaƙa, ya kuma san abin da ya rage a kansa. Takardar ba ta rage masa ko dala daga cikin kuɗin, amma ta sa ya san inda ya dosa. Akwai kuma malamin da ba ya ba da jeri. Sai shekara ta yi nisa yaro ya dawo gida da magariba ya ce an ce gobe kowa ya zo da abu kaza, wanda bai zo da shi ba ya tsaya waje. Kayan dai su ne, kuɗin ma shi ne, amma kowane uba ya san wanne daga cikin malaman nan biyu ya fi ɗaga masa hankali.

To, a kan irin wannan bambanci ne masu rubuta manhajar kwamfuta suka shafe fiye da shekara 20 suna gardama, kuma ina ganin lokaci ya yi da mu malamai da iyaye za mu san abin da ake ja a kai, domin maganar ta riga ta shigo makarantunmu ba tare da ta yi sallama ba. A yau akwai makarantu a Maraɗi, musamman masu zaman kansu, da suka bar lissafin maki da hannu suka koma ga manhaja, wasu sun saya, wasu kuma wani matashi ne ya rubuta musu. Ni malamin lissafi ne a sakandare. A Tsibiri nake zaune, kullum ina bin hanyar Maraɗi a kan babur, kuma shekaru ke nan ina riƙe da ƴar ƙungiyar ɗalibai masu koyon rubuta manhaja a ranakun Asabar. Daga nan na samo abin da zan faɗa.

Bari in fara da yadda ake gina irin wannan manhaja. Mai rubuta manhajar da za a riƙa buɗewa ta intanet ba ya farawa daga fili. Yakan ɗauki wani kwarangwal da wasu suka riga suka haɗa, mai ɗauke da abubuwan da kusan kowace manhaja ke buƙata, kamar karɓar suna da lambar sirri, da magana da rumbun bayanai, da nuna shafi a waya, sannan ya ɗora nasa aikin a kai. Matasan da na sani masu wannan sana'a yawancinsu da harshen PHP suke aiki, kuma kwarangwal biyu suka fi ambata: Symfony, wanda wani Bafaranshe, Fabien Potencier, ya fitar a 2005, da Laravel, wanda wani Ba'amurke, Taylor Otwell, ya fitar a 2011. A cikin manhajar akan raba aiki sashe-sashe. A ta makaranta, alal misali, akwai sashen da ke ɗauko makin ɗalibi daga rumbu, akwai wanda ke ninka kowane maki da nauyin darasinsa ya fitar da mwayan bisa 20, akwai mai shirya takardar sakamako, akwai kuma mai aika saƙo zuwa wayar uba. Babu sashen da ke iya aikinsa shi kaɗai. Mai lissafi yana buƙatar mai ɗauko maki, mai shirya takarda kuma yana buƙatar mai lissafi. Tambayar da ake gardama a kanta ita ce: ta wace hanya sashe zai samu abokin aikin da yake buƙata?

Hanya ta farko ita ce wadda Turawa ke kira sabis loketa, wato mai nemo hidima. Ni dai a aji dillali nake kiransa, kuma yara ba su taɓa neman ƙarin bayani ba. Duk wanda ya taɓa shiga kara ana gab da babbar salla ya san aikin dillali. Ba sai ka san mai rago ba, ba sai ka san garin da aka kawo ragon ba. Ka faɗa masa irin wanda kake so, ya ɓace cikin taro ya dawo da shi a igiya. Haka ake yi a manhaja. Akan tanadi wuri guda da ya san inda kowane sashe yake, a ba kowa izinin kiransa. Duk sashen da wata buƙata ta taso masa yana tsakiyar aiki, sai ya ce dillali ba ni mai aika saƙo, dillali ba ni mai ɗauko maki. A Laravel layi ɗaya ne tak: ka rubuta kalmar app, ka biyo ta da sunan abin da kake so. Akwai ma wani kwarangwal mai suna Yii wanda masu shi da kansu suka bayyana cewa jigonsa dillali ne irin wannan. Sauƙi kam akwai shi, kuma shi ya sa mai koyo ke saurin rungumar wannan hanya.

Hanya ta biyu ita ce irin ta takardar Oktoba. Masu sana'ar suna ce mata difendansi injekshan, mu kuwa bari mu kira ta miƙawa a hannu. A nan ba a barin sashe ya fita neman komai da kansa. Tun a layukansa na farko, wato a bakin ƙofarsa, yake rubuta cewa ni ba zan yi aiki ba sai an ba ni abu kaza da abu kaza. Wanda zai sa shi aiki, ko mutum ne ko kwarangwal ɗin kansa, shi zai tattaro abubuwan ya miƙa masa. Idan aka manta da ɗaya, sashen ba zai ko tashi ba, a gane tun da wuri. A idon darakta ko sakataren da ke amfani da manhajar, hanyoyin nan biyu ba su da bambanci ko kaɗan, domin takardar sakamako iri ɗaya za ta fito da lambobi iri ɗaya. Bambancin ba ya bayyana sai ranar da aka zo gyara.

Na ga irin wannan rana a wata makaranta da nake koyarwa. Wani tsohon ɗalibinmu, yana jami'a a lokacin, shi ya rubuta mana manhajar sakamako a cikin babban hutu, kusan kyauta, saboda ƙaunar makarantar da ta raine shi. Yaro ne mai hazaƙa, kuma manhajar ta yi shekara biyu tana aiki babu wanda ya koka. Aikin ƙarshen zango da kan cinye mana mako guda, ana ta danna na'urar lissafi ana gogewa ana sakewa, ya koma na yini ɗaya. Daga baya ya samu aiki a Yamai, ya tafi da albarkarmu. Da hukumar makaranta ta so a shigar da makin ɗa'a cikin lissafin mwayan, sai aka nemo wani matashin a cikin gari. Shi ma mai natsuwa ne. Bai taɓa manhajar da ke kan aiki ba. Ya kwafe ta gaba ɗaya zuwa tasa kwamfutar, ya yi gyaran a can, sannan ya so ya gwada. Ya zaɓi wasu ɗalibai daga ajin masu shirin BEPC, ya sauya makinsu da gangan, wannan ya ba shi 3, waccan ya ba ta 4, don ya ga ko sabon lissafin zai fito daidai. Ya duba bakin ƙofar sashen lissafi, bai ga yana neman komai ba in ban da sunan aji. Sai ya danna.

Ashe can ƙasa, cikin ɗaruruwan layuka, akwai wasu biyu da ke cewa: idan mwayan ya gaza 10, a kira dillali ya kawo mai aika saƙo, a sanar da uba. Dillali kuwa ba ya tambaya ko gwaji ake yi ko da gaske ne. Kwafin ya taho da lambobin wayar iyaye na gaskiya, da mabuɗin aika saƙo na gaskiya. Saboda haka a yammacin wata Asabar iyaye fiye da goma suka samu saƙo da sunan makaranta cewa ƴaƴansu sun faɗi warwas.

Ranar Litinin da sassafe na tarar da wani dattijo a tsaye bakin ofis. Daga Jiratawa ya taso, inda yake noman zogale a filin noman rani. Ɗiyarsa tana zaune wurin gwaggonta a Maraɗi saboda karatu. Bayan mun gaisa ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba, ɗan maƙwabcina ne ya karanta mini. In karatun nan ya gagare ta a faɗa mini gaskiya in ɗauki abata. Ba zan yi ta tsinkar zogale ina zuba kuɗin a rijiya ba, ga mutane suna ta aiko mini a kanta."

Na ce, "Baba, don Allah zauna ka huta tukuna, ka sha hanya." Na ɗauko babban littafin maki da muke cikawa da hannu, na nuna masa layin ɗiyarsa: 13 da rabi, ita ce ta shida a aji. Na yi masa bayanin abin da ya faru gwargwadon yadda zai shiga. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, daga yau wanne zan gaskata, littafinku ko wayarku?"

Yarinyar ta ci gaba da karatunta. Amma wanda ya san ƙasar nan ya san cewa da uban bai zo ba, da labarin ya sha bamban. Ƙididdigar UNICEF ta nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma sau da yawa uba mai son ɗiyarsa ta yi karatu shi kaɗai yake tsaye a gaban dangi, ba shi da hujja sai takardar sakamako. Waɗanda suka fi damuna su ne iyayen da suka samu saƙon ba su zo ba. Sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu ta waya, wasu har gida, kuma a gida biyu mun tarar an riga an yi wa yaro hukunci a kan makin da bai taɓa samu ba.

Ana iya cewa ai da matashin ya cire mabuɗin aika saƙo daga kwafinsa da ba a kai ga haka ba, kuma gaskiya ne. Laravel ma ya tanadi hanyar sa mai aika saƙo na bogi a lokacin gwaji, wanda zai karɓi saƙo ya ajiye bai tura ko'ina ba. Sai dai mutum ba ya kulle ƙofar da bai san da ita ba. Da sashen lissafin ya rubuta a bakin ƙofarsa cewa yana buƙatar mai aika saƙo, da minti ɗaya da buɗe shi matashin zai gani, ya miƙa masa na bogi. Watakila ma ya tsaya ya yi tambayar da ta fi wannan muhimmanci: me ya haɗa mai lissafin maki da aika saƙo tun farko? Wannan wata fa'ida ce ta jeri da ba a cika faɗa ba. Idan ka ga sashe ɗaya yana neman abu takwas ko goma a bakin ƙofa, ka san an ɗora masa kayan da ba nasa ba, ya kamata a raba. Wanda ke kiran dillali kuwa yana iya yin aikin mutum goma a ɓoye, daga waje ka gan shi fes.

Abin da ya same mu ba sabo ba ne a duniyar masu wannan sana'a. A 2001 wasu injiniyoyin kamfanin Sun Microsystems suka fitar da littafin Core J2EE Patterns, inda suka sa tsarin dillali cikin dabarun da suke ba masu aiki da harshen Java shawara a kai. A wancan lokacin ci gaba ne, domin ya fi a ce kowane sashe ya je ya ƙera abokin aikinsa da kansa. A watan Janairun 2004 Martin Fowler, haifaffen Ingila kuma ɗaya daga cikin sanannun marubuta a fagen, ya rubuta doguwar maƙala ya kwatanta hanyoyin biyu, kuma daga ita ne sunan hanya ta biyu ya bazu. Bai yi watsi da dillali ba. Ra'ayinsa shi ne abin da ya fi muhimmanci a raba wurin da ake haɗa sassa da wurin da ake amfani da su, amma ya nuna cewa da dillali sai ka bi rubutun duka kana neman inda aka kira shi kafin ka san abin da sashe ya dogara a kai. A 2010 wani ɗan ƙasar Danmak, Mark Seemann, ya fito ƙarara ya ce wannan hanya cuta ce da ake ɗauka magani, hujjarsa kuwa ita ce tana ɓoye buƙatun sashe, ta mai da kuskuren da za a iya kamawa tun ana rubutu ya zama wanda ba zai fito ba sai manhaja tana hannun jama'a.

A hankali masu kwarangwal da dama suka karkata ga wannan ra'ayi. A 2017 ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin haɗin kai tsakanin masu PHP ta fitar da ƙa'ida mai lamba PSR-11, wadda a cikinta aka ja kunne cewa kada a miƙa wa sashe ma'ajin gaba ɗaya don ya riƙa zaƙulo abin da yake so. A ƙarshen wannan shekarar Symfony na 4 ya fito, an rufe ƙofar ma'ajinsa, ta yadda sashe ba zai iya miƙa hannu ya ɗauko duk abin da ya ga dama ba sai an buɗe masa da gangan. Microsoft ma, a cikin jagorar kwarangwal ɗinsa na ASP.NET Core, yana ba da shawarar a guji wannan hanya.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa dillali ba shi da rana. Kasuwa ba ta ci sai da shi. A bakin babbar ƙofar manhaja, inda buƙatar mai waya ke fara isowa, dole wani ya duba ya nemo sashen da zai amsa ta, kuma kwarangwal ɗin da kansa da dillali yake wannan aiki. Haka nan akwai lokacin da ba za ka san abin da kake buƙata ba sai aiki ya yi nisa, kamar a ce wannan uban saƙon waya yake so, wancan kuma WhatsApp. Don irin wannan Symfony ya tanadi ƙaramin dillali mai iyaka, wanda tun farko ake rubuta masa ƴan abubuwan da aka yarda ya kawo, bayan su ba ya kawo komai. Wanda kuma ya rubuta ƴar manhajar da zai yi aikin yini ɗaya da ita ya jefar, babu mai tuhumarsa. Inda matsalar take shi ne a raba wa kowane sashe lambar dillali a cikin manhajar da za ta daɗe, wadda hannaye da yawa za su taɓa, kuma makomar ƴaƴan mutane ke cikinta.

Mu a nan muna da dalilan da suka sa wannan ya fi shafarmu. Na farko, hannu yana saurin sauyawa. Matashin da ya ƙware, ko daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya fito ko da kansa ya koya a waya, da wuya ya shekara biyar a wuri ɗaya. Yamai na kira, Kano na kira, ƙetare na kira, kuma ba mai laifinsa. Manhajar makaranta kusan kullum gado ce da wani zai tarar. Na biyu, abubuwan da manhaja ke jingina da su ba sa zama yadda suke. Kamfanin wayar da muka sani da Celtel ya koma Zain, a 2010 ya koma Airtel. Orange ya sayar da reshensa na Nijar a 2019, ya zama Zamani. Duk manhajar da ke aika saƙo wata rana sai an sauya mata hanyar aikawa, kuma mai sauyawar yana buƙatar sanin sassa nawa ne suka dogara da ita. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, kowa ya ga amfanin abin da zai iya aiki a kan kwamfuta ɗaya cikin ofis ba sai intanet ya samu ba. Raba manhaja da intanet kuwa ba ya yiwuwa cikin sauƙi in ba a san wane sashe ne ke leƙa waje ba.

Na uku shi ne harshe. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ko ba don wannan ba, uba irin na Jiratawa ya cancanci saƙon da za a karanta masa da harshensa ba sai an fassara ba. Amma akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. Saƙon waya na yau da kullum yana ɗaukar harafi 160, sai dai haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa cikin jerin haruffan da aka tsara saƙon a kai. Da zarar ɗaya ya shiga, saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kacal, abin da ya kamata ya tafi a saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗi ya ninka. Makarantar da za ta koma aika saƙo da Hausa dole ta gwada wannan sau da yawa kafin ta fara, kuma dole gwajin ya kasance ba ya isa wayar kowa.

Don haka ga shawarata ga daraktoci da kwamitocin iyaye. Ba sai kun iya karanta rubutun manhaja ba kafin ku tambayi mai yi muku ita, kamar yadda ba sai mutum ya iya gini ba kafin ya tambayi magini buhun siminti nawa aikin zai ci. Ku ce ya rubuta muku a takarda duk abin da manhajar ke buƙata daga waje kafin ta yi aiki: intanet, kamfanin saƙo, wurin ajiyar bayanai, da abin da zai faru idan ɗaya ya yanke. Ku ce ya gwada lissafin maki a gabanku da sunayen ƙarya, ya kuma nuna muku dalilin da ya sa babu saƙon da zai fita. Ku tambaye shi, in ya tafi gobe, wanda zai gaje shi kwana nawa zai yi kafin ya san abin da kowane sashe ke taɓawa. Ku kuma sa sharaɗi cewa babu saƙon da zai je wa uba a kan faɗuwar ɗansa sai wani malami ya duba ya amince da hannunsa. Mai aikin kirki zai ji daɗin waɗannan tambayoyi, domin suna nuna kun san darajar abin da ba ya fitowa a fuskar waya. In kuma ya ce yin haka zai ƙara masa kwanaki, ku ba shi kwanakin ku biya shi. Tun ran gini tun ran zane.

Ga ƴan uwana malamai masu koyar da yara wannan fanni kuwa, mun riga mun san dabarar, a wani darasin ne kawai muke amfani da ita. A lissafin siffofi ba ma yarda ɗalibi ya fara warware tambaya sai ya rubuta a sama abin da aka ba shi da abin da ake nema. Idan a tsakiyar aiki ya jawo wata ƙa'ida ko wani tsawo da ba a ba shi ba, mukan ja masa jan layi mu tambaye shi daga ina wannan ya fito. Haka nake yi a ƙungiyarmu ta Asabar. Kafin yaro ya rubuta layi ɗaya, sai ya lissafa a kaye abin da sashensa zai buƙata. In ya gama, sai su yi musayar kwamfuta da na kusa da shi, shi kuma ya karanta layuka goma na farko kawai ya faɗa wa aji duk abin da sashen zai taɓa. In ya faɗa daidai, maki na marubucin ne. In kuma aka buɗe ƙasa aka tarar da abin da ba a ambata a sama ba, sai a sake. Da farko sukan yi gunaguni. Wata ɗaliba ta taɓa ce mini, "Mushe, ai tawa tana aiki, me ya sa zan ƙara rubutu?" Na ce mata tana aiki a hannunki, ni kuwa ina tambaya ne a madadin wanda zai zo bayanki, wanda ba shi da lambar wayarki.

Abin da nake so yaran nan su fita da shi ya wuce PHP, domin harsunan kwamfuta suna zuwa suna wucewa, kuma mai yiwuwa kafin su girma an daina ambaton Laravel. Ina so su saba da faɗar abin da aikinsu ya dogara a kai tun kafin a tambaye su, su kuma riƙa tunawa cewa a ƙarshen kowane layi da suka rubuta akwai wani mutum da zai yanke shawara a kansa, wanda galibi ba ya iya bincikawa, sai dai ya yarda. Iyaye kuma, idan wani saƙo ya zo daga makaranta da ya saɓa da abin da kuka sani game da ɗanku, kada ku yanke hukunci a daren. Ku zo ku ce a buɗe muku littafi, haƙƙinku ne. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa abin da suke koyo ya amfane su ya amfani jama'a.